Yadda Muka Kai Baba Doguwa da Firjin Gas

Laraba: Bebeji zuwa Ba'awa

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka bar ƙofar gidanmu a Bebeji, an idar da salla ke nan, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a gaban a-kori-kura: maigidana Nura, wanda nake kira Abban Hafsa, yana tuƙi, ni a tsakiya, mahaifina Malam Idi a bakin taga, ya rungume sandarsa. A bayanmu motar na jan wani farin ɗaki mai taya biyu, irin wanda injiniyoyin hanya ke kwana a ciki idan aiki ya kai su daji. Abban Hafsa bakanike ne, a gwanjo ya saye shi, ya shekara yana gyaransa a gareji. 'Yan unguwa sun sa masa suna Tafi-da-gidanka.

Ga dalilin tafiyar. Shekara shida Baba bai sa yayarsa a ido ba, Gwaggo Dije, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Doguwa, a gindin duwatsu. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Da ruwan Tiga ya ci garinsu aka tashe su, shi ya zauna a Bebeji yana aikin gini, ita kuma aure ya kai ta kudu. Yanzu idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi, ba ta iya doguwar tafiya a mota. Shi kuwa ciwon suga ya kama shi, safe da yamma sai ya yi wa kansa allurar insulin, maganin nan kuma ba ya shiri da zafi. Ƙauyen Gwaggo babu wutar lantarki, ga mu a tsakiyar bazara. Ni malamar firamare ce, hutun da nake da shi ke nan. Ba don firjin da ke cikin ɗakin nan ba, da bana ma ba a je ba.

Firjin ba irin na gida ba ne. Ba ya ƙara, ba ya girgiza, da gas yake aiki. Tukunyar gas na ɗaure a gaban ɗakin ta waje, a bayan firjin kuma, can ƙasa, wata 'yar wuta ke ci wadda ba ta fi kan ɗan yatsa ba. Tun jiya da la'asar Abban Hafsa ya zaunar da ni ya koya min kunna shi, ya ce shi tuƙi ne nasa, firji nawa ne. A buɗe tukunya. A murɗa makunni, a danne shi, kada a saki. A latsa ƙyastu har ya yi ƙyas-ƙyas. A leƙa ta 'yar tagar gilashi, idan an ga wuta shuɗiya a ƙirga ashirin sannan a ɗaga hannu. Daga nan sai haƙuri, don ba ya sanyi nan take. Kwana ya yi yana ci kafin ma'aunin da muka rataya a ciki ya sauko kan huɗu. Ma'aikaciyar jinyar da ke duba Baba ta ja min kunne: tsakanin biyu da takwas ake so, kada ya wuce, kada kuma maganin ya daskare.

Baba yana tsaye a kanmu ana wannan darasi. Ya ce, "Uwani," haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, "shekarata saba'in da takwas, ban taɓa jin an hura wuta don a sami sanyi ba. Ku dai kada ku dafa min magani."

Kafin mu tashi na rufe tukunyar, wutar ta mutu, don ba a tafiya da ita a kunne. Na jera robobin ruwa huɗu masu ƙanƙara a ƙasan firjin, na sa maganin a tsakiya cikin 'yar robarsa, na rufe, na sa sakata.

Abban Hafsa bai wuce gudun hamsin ba, 'yan acaɓa ma wuce mu suke yi suna waiwaye. Ƙarfe bakwai saura kwata muka ratsa Kiru, bakwai da minti ashirin da biyar muka tsaya a Ba'awa, ƙofar gidan Malam Tanimu, abokin Baba tun na ƙuruciya, ɗan garinsu da ruwa ya ci. Baba ya rantse ba zai bi ta ƙasar Kiru ya wuce shi ba.

Malam Tanimu ya fito yana gyara hula. Ya dubi Baba, ya dubi ɗakin.

"Idi, korar ka aka yi ka taho da ɗakinka?"

"Na san halinka ne. Na ce kada in zo ka shimfiɗa min buzu a zaure."

Aka yi dariya, aka rungumi juna, mu muka durƙusa muka kwashi gaisuwa. Abban Hafsa ya ajiye ɗakin a inuwar wata tsamiya, ya kwance shi daga jikin mota. Na kunna firji, wuta ta kama shuɗiya tun karon farko. Na shiga cikin gida wurin mata ina jin kaina.

Aka kawo kunun tsamiya da ƙosai. Na leƙa zaure na tarar Malam Tanimu na shirin zuba wa abokinsa suga cokali biyu, na ce, "Baba Tanimu, a yi min rai." Ya ce ai ba a shan kunu salam a gidansa. Baba ya karɓi na salam ɗin yana harara ta.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi na je dubawa. Ma'auni na kan takwas. Na leƙa, wuta na ci lafiya. Na ce wataƙila zafin rana ne. Bayan azahar na koma, tara. Ƙanƙarar robobi ta zama ruwa. Na kira Abban Hafsa, ya duba tukunya, ya duba tagogin iska na waje ko wani abu ya toshe su, ya shafa bayan firjin ya ji zafi rau. Komai daidai, amma sanyi ya ƙi. Muka tsaya cirko-cirko. Idan maganin nan ya lalace, sai dai mu juya gida, Gwaggo kuwa an riga an aika mata muna tafe.

Sai ga Baba ya fito daga masallaci yana dogara sanda. Bai ko matso kusa ba. Ya tsaya daga nesa, ya kanne ido ɗaya.

"Nura, ɗakin nan a karkace yake."

"Baba, ai a tsaye yake."

"A tsaye yake a idon bakanike. A idon magini ya kwanta hagu, hancinsa kuma ya yi ƙasa."

Abban Hafsa ya dafa goshi. Ya ce wallahi an gaya masa, shi ya manta: irin wannan firji dole ya zauna daidai wa daida, in ya karkata ruwan da ke zagaye cikin bututunsa ba ya komawa inda ya fito, sai wuta ta yi ta ci a banza. Ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa kuwa ya baro shi a gareji.

Baba ya ce a kashe wutar, a kawo masa kwanon sha da ruwa. Ya cika shi har baki, ya sa na ɗora a kan firjin. Ruwa ya zube ta gefe ɗaya. Daga nan Baba ya zama wani mutum daban. Shekara nawa muna lallaɓa shi, kada ka ci wannan, kada ka fita rana, yau ga shi ya tattare hannun riga yana ba da umarni. "Ɗaga jak. Ƙara. Tanimu, ina katakon tsohon ƙyaurenka? Sa a ƙarƙashin tayar hagu. Ya isa! Ka wuce, sauke kaɗan." Sai da ruwan kwanon ya kwanta lif da baki ta ko'ina ya ce a kunna. Ya kuma sa aka juya ɗakin, gefen da firjin yake ya bar kallon yamma.

Da la'asar ma'auni ya tsaya a tara, bai ƙara ba. Da magariba ya sauko bakwai. Malam Tanimu ya ce, "Idi, ashe har yanzu kana da amfani." Aka ci tuwon dawa da miyar kuka. Tsofaffin suka zauna suna lissafa bishiyoyin garinsu da ke ƙarƙashin ruwa, suna musu a kan wace kuka ce ta fi girma. A nan muka kwana, Baba a cikin ɗakinsa mai taya, tagogi a buɗe.

Alhamis: Kwanar Dangora, Tudun Wada, Falgore, Doguwa

Da asuba ma'auni na kan huɗu, robobina biyu da na sa a ɗan akwatin ƙanƙara na sama sun daskare. Baba ya yi allurarsa, ya karya, na rufe gas. Ƙarfe shida da kwata muka tashi. Matar Malam Tanimu ta ɗauro mana daddawa da busasshiyar kuɓewa a kai wa Gwaggo.

Ƙarfe bakwai muna gidan mai a Kwanar Dangora. Mai zuba mai ya hango tukunyar gas a gaban ɗakin, ya dakata da tiyo a hannu.

"Alhaji, wancan abin a kashe yake?"

"Tun Ba'awa," in ji Abban Hafsa. "Ga mai kula da shi nan, tambaye ta."

Na sauka na nuna masa kan tukunyar a rufe gam. Ya ce, "Madalla da Hajiya," ya zuba mana.

Daga kwanar zuwa Tudun Wada kusan kilomita arba'in ne, muka yi su a awa ɗaya da 'yan mintoci. A Tudun Wada muka cika tukunya ta biyu, saboda ba mu san yadda gas yake a gaba ba. Na sayi shinkafar gida kwano uku da mangwaro ƙaramin kwando. Baba ya roƙi mangwaro, aka yi ciniki da shi kamar a kasuwa, ya ce biyu, na ce rabi, aka tsaya a ɗaya ƙarami.

Ƙarfe goma saura minti goma muka kama hanyar dajin Falgore. Bishiyoyi suka rufe mu hagu da dama, gidaje suka ɗauke. A shingen farko aka ɗaga mana hannu muka wuce. A na biyu wani soja dogo ya ce mu gangara gefe. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya ƙwanƙwasa jikinsa.

"Mene ne a ciki?"

"Gado ne da firji, ranka ya daɗe."

"A buɗe."

Na buɗe masa ɗakin. Ya duba ƙarƙashin gado, ya duba buhun shinkafa, ya kai hannu kan firji. Na ce, "Don Allah in ka buɗe ka rufe da wuri. Allurar suga ce ta tsoho, sanyin da ke ciki shi za mu kai Doguwa." Ya buɗe, ya duba, ya rufe kafin in ƙirga uku, har da mayar da sakata. Ya ce mahaifiyarsa ma ita take yi, kullum faɗansu da ƙannensa a kan wutar da ba ta zama. Ya tambayi yadda firjin ke aiki babu lantarki, Abban Hafsa ya fara bayani, sai Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Yaro, sirrinsa ɗaya ne, a daidaita shi." Sojan ya yi dariya, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba, a yi mana addu'a."

A tsakiyar daji muka tarar da garken birai sun zauna a kan kwalta, babbansu bai motsa ba sai da aka yi masa oda sau uku. Ya tashi a hankali yana kallon ɗakinmu kamar zai yi tayi.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi muka shiga Doguwa. Ɗan Gwaggo, Haruna, yana jiran mu a bakin tasha a kan babur. Taubashina ne, don haka ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malama, an ce ke ce injiniyar firji? Allah ya jiƙan firji." Na ce ya bari mu isa in saka shi a ciki ko ƙwaƙwalwarsa ta huce.

Ya shige gaba muka bi shi. Hanyar daji ce, duwatsu da kwazazzabai. Ɗakin na ta tsalle a baya, ina jin kowane rami a ƙirjina. Tafiyar da babur ke yi a minti ashirin ta cinye mana awa ɗaya da kwata. Ƙarfe biyu saura kwata muka iso.

Gwaggo na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, an ce tun hantsi take wurin. Baba ya sauka, ya manta sandarsa a mota. Ya tafi har gabanta ya durƙusa, tsoho mai furfura, ya ce, "Yaya, na same ku lafiya?" Ta miƙa hannu biyu ta shafa fuskarsa, goshi, kumatu, gemu. Sannan ta ce, "Idi, ka tsufa."

"Wa ya girmi wani?"

"Ni ban ga tsufana ba, ido ya hutar da ni."

Suna dariya hawaye na zuba. Na juya na ba su wuri, don nawa ma sun taho.

Aka ajiye ɗakin a gindin mangwaro, Baba da kwanonsa suka daidaita shi. Na buɗe gas, na danna, na latsa ƙyastu. Wuta ta kama, amma ja-ja, tana rawa, da ɗan baƙin hayaƙi. Ina sakin makunni ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Sau biyar. Na duba ma'auni, takwas, ƙanƙara ta narke. Haruna ya ce inda ake sayar da ƙanƙara mafi kusa sai cikin Doguwa, kuma ba kullum ake samu ba.

Mun ƙetare daji mun iso, a ce a nan abin zai ƙi?

Gwaggo ta ji muryoyinmu sun canza, ta tambayi abin da ake ciki. Na gaya mata. Ta ce, "Sanyi kawai yake so? Lantana!" Matar Haruna ta fito. Gwaggo ta sa ta ɗauko babbar randa, ta zuba yashi a ciki, ta kafa ƙaramin tulu a tsakiya, ta cike gefen da yashi, ta jiƙa shi sharaf. Muka ɗaure robar maganin a leda, muka zura cikin tulun, aka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, aka ajiye a rumfa inda iska ke ratsawa. Gwaggo ta ce, "Haka nake ajiye man shanu tun kafin ubanki ya yi wayo." Na sani bai kai sanyin firji ba, amma na sa hannu a ciki na ji daɗi, zafin rana dai ba zai same shi ba.

Abban Hafsa ya rufe gas, ya bari wurin ya huce, ya kwance ragar da ke bayan firjin ta waje. Ya leƙa, sai ya kwashe da dariya. Ya zaro ɓaraguzan busasshiyar laka ya nuna mana a tafin hannu. Tsohon gidan zanzaro ne da ke maƙale a cikin bututun hayaƙi, jijjigar hanya ta kakkaɓo shi ya zubo kan bakin wutar.

Haruna ya kawo allurar ɗinki ya ce a tsokale ramin. Abban Hafsa ya ce a'a, in ramin ya ƙara faɗi an kashe shi ke nan. Ya ce a ba shi gashin kaza da famfon keke. Da gashin ya share, da famfon ya hure, Haruna na bugawa yana mita wai an mai da shi ɗan aiki a gidansu. Da aka mayar da komai, na kaɗa ruwan sabulu na shafa a mahaɗar tiyo, ba kumfar da ta taso, gas ba ya zurara.

Ƙarfe huɗu da minti goma na sake latsa ƙyastu. Shuɗiya, tsaye, ba ta ko motsi. Na ƙirga ashirin da ƙarfi, Lantana na taya ni. Na saki. Ta zauna. Lantana ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Maganin ya kwana a tulun Gwaggo. Da safe ma'auni na kan biyar, na mayar da shi mazauninsa.

Juma'a: a gindin dutse

Kafin hantsi labari ya karaɗe ƙauye cewa an kawo firji mai cin wuta. Mata suka yi ta sallama, kowace na so ta sa hannu ta ji. Na ga in aka biye musu sanyin zai ƙare kafin azahar. Baba ya ɗauko kujera ya kafa a ƙofar ɗakin, ya ce shi ne mai gadi: kallon wuta kyauta ne ta tagar gilashi, buɗe ƙofa kuwa sau uku a rana, ba ƙari.

Wata Bafulatana mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta, ta gaida Gwaggo da "Jam waali," Gwaggo ta ce, "Jam tan." Ta leƙa wutar, ta taɓa robar ruwan da na fito da ita, ta janye hannu da sauri. Ta ce in mun yarda a ajiye mata kindirmo kwano ɗaya ta ga ƙarya. Baba ya ce sai lokacin buɗewa na biyu. Ta zauna ta jira har aka saka mata, ta tafi tallanta. Da la'asar ta dawo ta ɗanɗana, sannan ta tambayi Abban Hafsa saniya nawa zai karɓa.

Lantana kuwa ba kallo ta tsaya yi ba, tambaya take. Me ya sa ake danne makunni? Me ya sa ba a jingina komai a tagogin iska? Ina nuna mata ciki ta ɗauki robar maganin za ta matsar da ita sama kusa da ƙarfen da ke raɓa, wai ya fi sanyi. Na riƙe hannunta na ce nan ne zai daskare, in ya daskare kuwa ya tashi aiki. Ta gyaɗa kai, ba ta sake ba.

Maza suka tafi Juma'a a Doguwa, suka dawo da rake da dankali. Da yamma na zauna ina tsefe wa Gwaggo kai, ita da Baba suna hirar mahaifiyarsu, yadda take daka da waƙa, yadda ta taɓa bin Baba da muciya har bakin rafi. Labaran da ban taɓa ji ba. Suga ɗin Baba da na auna a ranar ya fi na kowace rana a watan kyau.

Asabar: komawa

Shirinmu mu tashi ƙarfe bakwai. Abban Hafsa ya matso da mota zai ɗaura ɗakin. Aka nemi takalman Baba aka rasa. Aka duba masallaci, aka duba ƙarƙashin gado. Gwaggo na zaune a tabarmarta tana jan carbi. Lantana ta yi min nuni da ido. Ashe a kansu take zaune.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, rana na yi."

Ta ce, "Shekara shida na jira, a ba ni kwana biyu? Uwani, ba na ganin fuskarsa, muryarsa kawai nake ji. Ban ƙoshi ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ku tafi. Ku bar min ɗakina. In an yi mako biyu ku dawo."

Na ce ba zai yiwu ba. Wa zai kula da firjin? In wuta ta mutu fa? In suga ya faɗi fa? Ya ce allura dai shi ke yi wa kansa, na'urar awo na aljihunsa, maganin da muka taho da shi ya fi na wata guda, tukunyar gas ta biyu ko taɓa ta ba a yi ba. Abban Hafsa ya ce gas kam zai kai, har ya yi saura. Na harare shi, ya dubi sama.

Haruna ya raka ni kan wani dutse inda waya ke kamawa, na kira ma'aikaciyar jinyar Baba. Ta yi min tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: awon kwana ukun nan, abincin da yake ci, nisan asibiti, ko akwai abin hawa. Ta sa na ba Haruna wayar, ta gaya masa alamomin faɗuwar suga da abin da zai yi nan take. A ƙarshe ta ce, "Malama, in akwai mai kula da sanyin maganin, ki bar shi. Zama da 'yar'uwa ma magani ne."

Na sauko na ce sai an yi jarrabawa. Na kashe firjin, na rufe tukunya, na koma gefe na harɗe hannu. Lantana ta yi bismilla. Ta buɗe, ta murɗa, ta danne, ta latsa, ta leƙa, ta ƙirga ashirin, ta saki. Wuta ta zauna. Na ce in ta ji warin gas fa? Ta ce ta rufe tukunya, ta buɗe tagogi, kada kowa ya ƙyasta ashana. In wuta ta koma ja? Ta kashe, ta mai da magani tulu, Haruna ya hau dutse ya kira mu. Na ce ta ci. Haruna ya ce shi ma a gwada shi, na ce ba a ba 'yan aji ɗaya jarrabawar 'yan aji shida.

Sai a lokacin Gwaggo ta ɗan gyara zama, takalma suka bayyana.

Ƙarfe tara da rabi muka kama hanya, mu biyu, mota sakayau. Ban daina waiwaye ba sai da duwatsu suka rufe farin ɗakin. Doguwa goma da minti biyar. A shingen daji sojan nan ya gane mu, ya ce, "Ina Baba da gidansa?" Abban Hafsa ya ce ya tare. Muka yi azahar a Tudun Wada, muka ci shinkafa da wake, ƙarfe uku da minti ashirin muka tsaya a ƙofar gidan su Baba a Bebeji.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Baba Tanimu da iyalinsa, da sojan da ban san sunansa ba, da Lantana, har da Haruna duk da bakinsa.

Inna, mahaifiyata, ta fito tarbar mu da buta a hannu. Ta dubi gaban mota, ta zagaya ta dubi baya, ta dawo.

"Ina Malam?"

Na yi mata bayani tun daga takalma har jarrabawa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye butar, ta ce, "Shekara hamsin ina fama da shi ya kai ni ko Kano yawon buɗe ido, bai kai ni ba. Yanzu ya sami ɗaki a gindin dutse yana shan iska." Ta juya wurin Abban Hafsa. "Nura, gado nawa ne a ɗakin nan?"

"Biyu ne, Inna."

"To, ba sai an yi mako biyu ba. Jibi ka zo ka kai ni."